Abin da Goggo Ta Tsiyaye

Yatsun Goggo Memounatou duk sun yi fari sun tattare, irin na wadda hannunta ya daɗe cikin ruwan tsami. Khairiya ta lura da su lokacin da goggon take taya ta sauke jarka daga kan babur, a ƙofar gidanta da ke zangon Dapaong. Wajen lura dai ba a barin Khairiya a baya. Baki ne Allah bai ba ta ba.

"Wannan fa? Kunun Sokodé kika kawo mana?"

"Aiki ne, Goggo," in ji Khairiya, can ƙasan maƙoshi.

Aikin kuwa shi ne abin da ta karanto a jami'a. A wani ɗan ɗaki a gidan babanta a Sokodé take kiwon ƙwayoyin bakteriya cikin ruwan dusa da waken soya. Idan abin ya tsimu, ƙwayoyin sukan fitar da wani sinadari, anzim, mai sa gashi ya saki fata ba sai an jiƙa ta a tokar da ke cinye hannun majema ba. Ta taɓa aika kwalba ɗaya ga Baba Mudathir, shugaban majeman Dapaong, ya gwada, ya aiko ta zo da mai yawa a gwada gaban sauran. Idan ya ci, za su riƙa karɓa a wurinta. Idan bai ci ba, sai ta koma shagon atamfar babanta, ta ci gaba da auna yadi da digiri biyu.

A labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'a, akwai injin da ke juya irin wannan ruwa da ƙarfi ya raba shi nan take. Ita bokiti take da shi. Hanya ta girgiza jarkar, don haka ta juye ta a babban bokiti kusa da randa, ta rufe, ta bar abin ya kwanta. Dusa da ƙwayoyi za su sauka ƙasa, su shara ne. Anzim ɗin yana cikin ruwan da ke bisa. Shi za ta zuƙe da tiyo, ta tace a ƙyalle, ta sake tacewa a takarda.

Ta yi niyyar gaya wa Goggo. Har ta jera maganar a zuciya, da Hausa, sannan da Faransanci don ko ta fi sauƙi. Amma ta yaya za ta dubi yayar babanta, a tsakar gidanta, ta ce kada ki taɓa? Ta ce a ranta sai da safe.

Da safe ta tarar da bokitin a wanke, a kife.

"Na rage miki aiki, 'yar jami'a," in ji Goggo, tana miƙo mata ƙulli cikin farin ƙyalle. "Na tsiyaye ruwan a kwata, na matse miki gasarar. Tun ba a haife ki ba nake koko, ban taɓa ganin wadda ta kwanta lumui haka ba. Sai dai wari, wallahi!"

Khairiya ta dubi kwatar. Kaji suna shan digirinta. Ta dubi fuskar Goggo, wadda ke jiran yabo kamar yarinya ta yi wanki na farko.

"Na gode, Goggo," ta ce. Har da rusunawa.

Ta so ta tafi majema ita kaɗai ta nemi uzuri, amma Goggo ta riga ta yafa gyale. Ai da hannunta a cikin aikin, in ji ta, dole ta ga ƙarshensa. Ita ta ɗauki ƙullin ma.

Majeman sun taru ƙarƙashin rumfa, an shimfiɗa fatar akuya.

"Hajiyar koko, yau kuma mu kika zo shayarwa?" in ji Baba Mudathir.

"Kai dai matsa, wari ya hana ka ƙiba. Yau za ka ga aikin gidanmu."

Khairiya ta durƙusa ta shafa dusar a fatar, a hankali, daga wuya zuwa wutsiya, kamar akwai abin da take jira. Babu wanda ya taɓa shafa shara da ladabi irin wannan, in ji ta a ranta. Aka zauna. Aka sha shayi. Aka yi azahar aka dawo. Baba Mudathir ya kama gashin ya ja, gashi ya ce yana nan daram. Wani majemi ya ce akuyar ma da ranta ba ta riƙe gashinta haka ba, aka kwashe da dariya.

"'Yata," in ji Baba Mudathir, ba da faɗa ba, "wanda kika aiko min ruwa ne garau, kamar shayi. Kin rubuta a kwalbar cewa ƙarfin a ruwan yake. To ina ruwan?"

Goggo, da ke ta fifita da gefen gyale, ta tsaya.

Kalma uku za su wanke Khairiya: Goggo ta zubar. Majeman za su yi dariya su ce ta kawo wani. Amma dariyar za ta bi Goggo har gindin tukunyar kokonta, kuma a zango ba a manta irin wannan.

"Ni na canza hanya, Baba," in ji Khairiya. "Na ɗauka na ƙasan ya fi."

"Kin ɗauka?" Ya karkaɗe hannunsa. "Mu da fatar mutane muke aiki, 'yata. Mumuni, mayar da ita cikin toka."

Majemin da ya kira ya ja fatar. Khairiya ta tsaya tana goge yatsu, tana lissafin yadin atamfar da ke jiranta a Sokodé. Karo na farko da ta ɗaga murya gaban maza, kuma ƙarya ta yi da ita.

Goggo ta sunkuya ta ɗauki farin ƙyallenta daga ƙasa. Ta karkaɗe shi, ta ninke biyu, ta ninke huɗu. Ba ta dubi Baba Mudathir ba, ba ta dubi Khairiya ba. Ta bi ta bayan rumfar, inda ake shanya fatu, ta fita.