Ruwan da Yaya Ta Sa wa Hannu

Matar Auta ta miƙa wa Yaya takardar a barandar asibiti. Ta ce likita ya yi ta bayani, ita dai ƙoda kawai ta tsinta a ciki.

"Yaya, ke kika san irin wannan rubutun. Karanta mana."

Yaya ta gyara tabarau. Shekara ashirin da biyu tana gwajin ruwa a ɗakin bincike na hukuma, har 'yan unguwa suna tsokanarta da Likitar Famfo, don haka ba ta buƙatar tafinta. Jinin ƙaninta ne aka aika waje aka auna. Sinadarin nan da ake shafa wa rigar ruwa da kaskon da ba ya kama abinci, wanda ba ya ruɓewa a ƙasa kuma ba ya barin jiki, ya yi masa katutu a jini. Ta ninke takardar, ta ce rubutun ya yi ƙanana, sai ta zauna da shi a gida.

*

Shekara tara da suka wuce, Auta yana walda a ƙasar da ke tsallaken kogi. A lokacin ne aka fitar da taswirar gurɓatar ruwa: ƙasarsu Yaya fara tas, maƙwabciyar jawur kamar an yanka rago a kanta. Shugaban hukuma ya sa aka yi wa taswirar firam, aka rataye a ofis, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

Yaya ta san abin da taswirar ba ta faɗa ba. Mutanen tsallake sun gwada rijiyoyi da famfuna dubbai da sabuwar na'ura. Su Yaya kuwa wurare goma sha ɗaya suka gwada, da tsohuwar na'urar da sai guba ta yi yawa ƙwarai take ganinta. Fom ɗin hukuma gida biyu gare shi, "akwai" da "babu". Duk abin da na'ura ta kasa gani, a "babu" ake sa shi, haka ta tarar ana yi, haka ta ci gaba. Kuma kogi ɗaya ne ke shayar da gaɓa biyun, masana'antar da ke zubar da sinadarin a cikinsa tana sama da su duka.

Ta sani, amma kewar ɗan'uwa ta fi ƙarfin sani. Ta kira shi ta yi masa faɗa irin na babbar yaya, ta ce ya tattaro iyalinsa ya dawo gida kafin ruwan mutanen nan ya kashe shi. Auta bai taɓa yi mata musu ba. Cikin wata biyu ya sayar da shagonsa, ya dawo.

Shekara guda bayan haka, waɗanda taswira ta kunyata suka rufe rijiyoyinsu, suka sa wa kowace unguwa matatar ruwa. A nan ba a sa komai ba. Me za a tace a ruwan da takarda ta ce lafiyarsa ƙalau?

*

Yaya ta sami Auta a kan gadon asibiti, ya rame har agogonsa yana yawo a tsintsiyar hannu, amma bakin nan na tsokana yana nan. Ya ce Likitar Famfo ta zo duba mara lafiyar da ba famfo ba. Ta yi ƙoƙarin dariya. Tun daga gida ta shirya abin da za ta faɗa masa, kalma bayan kalma, ta kuma ƙudurta ko zai tsine mata sai ta faɗa.

Ya riga ta. Ya kamo hannunta ya ce, "Kullum ina gaya wa yara, Allah ya saka wa Yaya. Nan ma da ruwanmu ke da kyau ga yadda na koma. Da na zauna can, ai da tuni kun manta kabarina."

Yaya ta gyara masa matashin kai. Nas ta shigo da ƙwayoyi biyu, ta tari ruwa a famfon da ke kusurwar ɗakin, ta miƙa wa Yaya kofin domin ita ce kusa. Yaya ta tallafo kan ƙaninta, ta kai masa baki. Ya shanye duka.