Takardar Walicci a Bakin Shinge

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Juma'a wata wasiƙa ta shigo hannun Darmaji, mai raba wasiƙu, bayan kwana goma sha ɗaya a hanya daga garin Tarakan. Ya san abin da ke ciki, domin sau huɗu Ningrum, wadda za a ɗaura wa aure yau, tana zuwa gidan waya a makon nan tana tambaya. Mahaifinta ya maƙale a can tun da annoba ta tsayar da jiragen fasinja, sai ya wakilta wa jami'in ɗaurin aure waliccinsa a rubuce, da sa hannun shaidu biyu. Jami'in ya riga ya ce hoto a waya ba ya ɗaura aure. Ƙarfe goma zai iso ƙauyen. In babu takarda zai juya, ango kuwa matuƙin jirgin ruwa ne, ranar Lahadi zai tafi sai baɗi.

Darmaji ya sa wasiƙar a aljihun riga, ya hau babur.

A mashigar ƙauyen, Karangjati, an gicciya gora an tare hanya. Tsoho Paimin na tsaye a bayanta, goye da tankin feshin gonarsa. Dokar ƙauyen ita ce duk abin da ya zo daga waje a fesa shi, ya yi kwana uku a kwando cikin rana.

"Ajiye nan, Pak, in yi mata wanka," in ji Paimin, yana kiran sa Pak, wato malam a harshensu.

"Da biro aka sa hannu. Ka jiƙa ta, ka wanke auren mutane."

"To kwando. Litinin su zo su ɗauka."

"Ta Ningrum ce fa, jikar yayarka."

"Ko ta uwata ce. Kai da ka shekara ashirin kana kai wa mutane wasiƙar maƙwabta, yau ka san sauri?"

"Kai kuma da wannan tankin ka ƙone barkonon matarka bara."

Paimin ya gyara takunkumi, bai matsa ba. Tara da kwata ta yi.

Ta cikin shingen, Bu Sarmi, wato Malama Sarmi mai ɗinki, tana goge rigar ango a barandarta da dutsen guga na gawayi. Darmaji ya ɗan jima yana kallonta.

"Pak Paimin, me ya sa ake shanya kaya a rana?"

"Mai gari ya ce zafi ke kashe cutar."

"Da rana da gawayi, wa ya fi zafi?"

Tsohon ya sosa ƙeya.

"To a goge ta, gaba da baya," ya ce daga ƙarshe. "Kuma ni zan ƙirga. Ɗari ɗari."

Bu Sarmi ta kawo benci da ƙyalle, tana mita an katse mata aiki. Darmaji ya ɗora ambulan, ta rufe shi da ƙyallen ta danna dutse. Paimin ya ƙirga da ƙarfi, ya ɓata a sittin da bakwai, ya koma farko.

"Ka yi sauri, tsoho, kafin mu gasa waliyyi," in ji Bu Sarmi.

Goma saura minti goma Ningrum ta fito da gudu, rabin kwalliya a fuska. Ta karɓi ambulan da gefen gyale saboda zafi, ta farke baki. Tambari yana nan, sa hannu uku suna nan, takardar ta miƙe sumul.

"Pak Darmaji, shigo mana!"

"Ni ba a goge ni ba, amarya."

Ya tsaya a wajen shinge har babur ɗin jami'in ya wuce ciki. Goma da minti ashirin ya ji ta lasifikar masallaci shaidu sun ce aure ya ɗauru. Ya ciro littafinsa, ya rubuta a gaban lambar wasiƙar: an miƙa hannu da hannu. Sauran wasiƙu goma sha huɗu na ƙauyen suna cikin jaka. Ya fito da su, ya jera a kan bencin.

"Bu Sarmi, ƙara gawayi."