Gurbin Mai Amincewa

Mako uku Akanta ta kwashe tana shigar da asusun bankin kamfanin cikin sabuwar manhajar kuɗi, guda talatin da biyu, kowanne da lambarsa da reshensa. Gurbi ɗaya ya rage a kowane asusu, na wanda zai riƙa amincewa kafin kuɗi su fita. Shekara bakwai ita ke riƙe da wannan aikin a kan takarda.

Sai ga Manaja da ƙanin matarsa, wanda aka ɗauka aiki shekaranjiya.

"Ƙanwata, sa sunan wannan a gurbin. Ke kuma ki bar wa kanki ikon kallo kawai. Kin sha wahala, ki huta."

"Ranka ya daɗe, na gode da hutun," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sau talatin da biyu ta rubuta sunan, ba ta kuskure harafi ɗaya ba. Sannan ta cire ikonta da hannunta, ta tura wa ƙanin matar Manaja kujerar.

Ya zauna ya ƙura wa allon ido, ga albashin ma'aikata yana jira.

"Yaya, to ina zan danna?" ya tambaye ta.

Ta naɗe hannu a ƙirji. "Ni ai an hutar da ni. Danna, ina kallo."