Ranar da Liman Bai Ce "Kama" Ba

A garejin Baba ba a miƙa kayan aiki, jefawa ake yi. Doka ɗaya ce: kafin ƙarfe ya bar hannunka sai ka ce "kama". Babban ɗansa, da kanikawa ke tsokana da Liman don komai ka tambaya yana da amsa, shi ya fi kowa tsare dokar.

Ƙanensa Auta kuwa, tun da 'yarsa ta fita titi mota ta take ta, magana ta ɗauke masa. Rannan yana cikin ramin gyara, a ƙarƙashin wata tsohuwar motar kaya, sai ya leƙo.

"Yaya, Allah na da iko a kan komai ko?"

"Wannan har tambaya ce?"

"To zai iya mayar da ranar nan? Ba tashinta nake nufi ba. Ya zamana ban taɓa barin ƙofar a buɗe ba."

"Ba a faɗin haka. Abu ba ya faruwa kuma ya zama bai faru ba."

"Wa ya kafa wannan dokar? In shi ne, zai iya rushe ta. In ba shi ba ne, waye?"

Tsoro ya kama Liman, shi kuma mutum ne da tsoronsa ke fita ta hannu. Ya finciko Auta daga ramin ya wanke shi da mari. Auta ya sa kai ya fasa masa leɓe. Suka zube cikin baƙin mai suna shaƙe juna, da ƙyar Baba ya raba su da ƙarfen cire taya a hannu.

Auta ya koma bakin ramin yana haki. "Ka ce ba ka sani ba mana, Yaya. Shi ke nan fa."

Ita ce maganar da Liman bai taɓa iya faɗa ba. Hannunsa ya faɗa kan babbar sifana, ya wurga. Shekara da shekaru Auta na cafe ta ko bai duba ba, amma da kunne yake cafewa. Yau babu wanda ya ce "kama".

Ta same shi a gefen kai. Ya sulale cikin ramin ba ko ƙara.

Liman ya dira ya tallafo shi. Jini na bin yatsunsa, ɗumi, ya ƙi tsayawa. Auta na numfashi sama-sama, ido a juye.

"Baba," in ji Liman, muryarsa ta koma ta yaro, "Allah zai iya mayar da ɗazu?"

Baba ya yage rigarsa ya danna a kan raunin.

"Ban sani ba. Kama ƙafafunsa."