Mai Wake da Baƙon Ƙetare

Tun tana shekara shida zazzaɓi ya tafi da jinta, ya bar mata ido mai kaifi da hannuwa masu surutu. A lambun ƙungiyar naƙasassu, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Mai Wake ake ce mata, domin ita ta zo da waken kakarta a ƙullin tsumma, wani ja mai ɗigon fari da aka daina gani a kasuwa. Yayanta kafinta ne. Shi ya harhaɗa dogayen akwatunan shuka don masu keken guragu su kai hannu, shi ne kuma tafintanta. Sai dai in ta yi zance kamu goma, kamu ɗaya yake isarwa.

Ran nan baƙi suka zo daga ƙetaren teku, mutanen wani lambu da suka shekara uku suna musayar tsofaffin iri da ƙungiyar ta gidan waya. Aka jera kujeru a inuwa. Shugaban ƙungiya ya miƙe da takarda, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar na kifi. Ta gaji da kallo, ta sulale ta koma cikin wakenta.

Tana tsinke busassun ganye sai inuwa ta faɗo kan hannunta. Wani dogon dattijo ne cikin baƙin. Ya taɓa kunnensa, ya girgiza kai. Ta taɓa nata. Suka yi dariya.

Alamunsa ba irin nata ba ne, amma ba su daɗe suna lalube ba. Ta ɓare masa kwanso ɗaya, ta ranƙwafa kamar mai dogara sanda: kakarta ke nan. Ya gyaɗa kai. Shi kuma ya ɗaga yatsunsa sama, ya sauko da su a hankali suna rawa har suka lulluɓe ƙasa, ya rungume kansa yana karkarwa. Dusar ƙanƙara! Nan take ta hango lambunsa fari fat, ba sawun kowa, iri na barci a ƙarƙashi, itatuwa tsaye ba ganye. Rana na dukan ƙeyarta, amma sai da sanyi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta daɗe a can kafin ta dawo.

Shugaba ya iso da sauran jama'a.

"Malam kafinta, me ƙanwar taka ke gaya masa?"

Yayan ya bi hannuwan da ido, ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, an bar ni a tasha. Shekara talatin ina fassara ta, ashe rabin bakinta na sani."

Tafintan baƙin ya ce dattijon na roƙon ta je wurinsu lokacin shuka, ta nuna musu yadda waken yake son a bi da shi.

"Ita kaɗai?" in ji Yayan. "To wa zai yi mata magana?"

Ta karanta tambayar a fuskarsa. Ta dafa kafaɗarsa, ta nuna ƙirjinta.

Bayan wata biyar ta tafi, da wake a jaka da aron rigar sanyi. Yayan ya tsaya a filin jirgi har gajimare ya haɗiye jirgin, sannan ya wuce lambu da sauri, don ta bar masa ban-ruwa, ta kuma ja masa kunne da yatsa: safe da yamma, a gindi, ba a kan ganye ba.