Maɓallin Usta Gaber

Usta Gaber, shugaban kafintoci, ya miƙa hannu zai ɗauki maɓallinsa, sai ya tarar gwangwanayen nan biyu na maɓallai ba sa kan teburin. Kwano ɗaya ne a wurin, an juye komai a ciki.

"Na haɗe su," in ji Nermin, 'yar mai masana'antar, ba ta ko ɗago daga wayarta ba. "Buɗe wannan, rufe wancan, duk ɓata lokaci ne. Kowa ya ɗauka ya manna."

Gaber ya tsaya yana kallon kwanon.

Tun da Hajj Metwalli ya kwanta ciwo 'yarsa ta karɓi ragama, ta kawo tsarin kwana casa'in. Kujeru ɗari huɗu za su tashi daga nan garin Dumyat zuwa wani otal a Kuwait, kuma ta rantse jirgin ruwa ba zai jira kowa ba. Kullum ƙarfe takwas shugabannin sassa bakwai ke taruwa gaban wani allon ƙarfe, minti goma, a tsaye. Kowa ya manna maɓalli mai maganaɗisu gaban sunansa. Kore, aiki na tafiya. Ja, akwai matsala. Yau kwana na sittin da ɗaya ke nan, kuma allon nan bai ga ja ba tun da Fathi mai fenti ya manna shi sau uku a jere, aka ce ya je gida ya huta. Har yau yana hutawa.

Gaber shekararsa talatin da huɗu yana sarrafa katako. Da hanci yake sanin busasshe, da tafin hannu yake gane ɗanye. Amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa bambance ja da kore ba. Duka biyun launin ƙasa-ƙasa yake gani. Matarsa Saniyya kaɗai ta sani, ita ke sayo tumatir. A nan kuwa dabararsa ɗaya ce: gwangwanin dama shi ne kore.

"Masana'antar kujeru, amma ba kujerar da mutum zai ɗosana," Sobhi mai katifa ya raɗa masa, bakinsa na warin wake da albasa. "Kai tsoho, ɗauki mana. Ko amarya kake zaɓe?"

"Rufe min baki."

Kore yake nema, kuma ya san ƙarya zai yi da shi. Katakon da aka sauke makon jiya bai bushe ba. Ya shinshina shi, ya ɗora kumatunsa a kai ya ji sanyi. In aka haɗa ƙafafun kujeru da shi, wata biyu cikin zafin Kuwait za su fara tsagewa ƙarƙashin mutane. Kwana shida ke nan yana manna kore yana komawa gida ya kasa cin abinci. Yana da 'ya'ya mata biyu a makaranta, kuma ba wanda ke ɗaukar kafinta mai shekara hamsin da biyar.

Ya leƙa allon ko zai gwada da na sauran. Duk iri ɗaya. Ya yi bisimilla a zuci, ya ɗauki ɗaya, ya manna, ya ja da baya.

Sobhi ya daina tauna. Wani ya yi tari ya haɗiye shi. Ƙarar zarto daga ƙasa ce kaɗai ta rage.

Nermin ta kife wayar a kan tebur.

"Baffa Gaber, ja ka sa?"

Ashe ja ya ɗauka. Bakinsa ya buɗe zai ce kuskure ne, ranki ya daɗe, hannu ne ya zame. To in ya faɗa, sai ta ce ya canza. Ya sake sa hannu a kwanon nan, gaban mutum bakwai, wataƙila ya sake fito da ja. Daga nan kowa ya sani: mutumin da ke duba aikin mutum arba'in ba ya ganin abin da yaron goye ke gani.

"Ina jin ka," ta ce.

"Katakon ɗanye ne."

"Takardarsa ta ce busasshe."

"Ba takarda za a zauna a kai ba, 'yata. Ki sauko ki taɓa."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya dubi takalmansa. "Tun ranar da aka sauke shi."

"Kwana shida kana manna min kore."

"E."

"Me ya sa?"

"Ki tambayi Fathi."

Bai san maganar ta fito ba sai da ya ji ta a kunnensa. Fuskar Nermin ta sauya, amma Gaber ba ya iya cewa wane launi ta yi. Ta daɗe tana kallon allon, layin maɓallai bakwai, sannan ta bi sauran shida da ido ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Kwana nawa yake buƙata?"

"Goma sha biyu. In an shimfiɗa shi an ba shi iska, goma."

"Jirgi fa?"

"Ni katako na sani."

Ta ɗauki wayarta. "An tashi. Baffa Gaber, ka same ni a ofis bayan minti biyar."

Mutane suka watse da sauri, ba wanda ya haɗa ido da shi. Sobhi kaɗai ya tsaya, ya kama hannun rigarsa.

"Kai mahaukaci ne? Ina ka samo wannan zuciyar? Ni yadin da aka kawo min ma ba shi ba ne, na yi shiru abina."

"Je ka ƙarasa wakenka."

Da Sobhi ya fita, Gaber ya tsaya shi kaɗai gaban allon. Ta gilashin ofis yana hango Nermin tana kai da kawo, waya a kunne. Ko kora take shiryawa, ko jirgi take roƙo, bai sani ba.

Ya ciro maɓallin daga gaban sunansa, ya zaro ƙusa daga aljihu, ya karce bayansa sau biyu, da zurfi. Ya shafa da babban yatsa ya ji tsagar. Gobe, in har yana nan, zai gane shi ko cikin ɗari.

Ya mayar da shi inda yake, ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya fara hawa bene.