Waƙa Ɗaya da Ta Rage wa Saƙin Iagan

Yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci mutane al'umma-al'umma, ya ba kowace harshen da za ta kira shi da shi, bai kuwa raina ƙaramin harshe don ƙarancin masu shi ba. Muna roƙonsa ya tsare mu daga ƙari da ragi.

Bayan haka, a tsibirin Barra, can a tekun ƙasar Turawa, shekaru kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu, an yi wata tsohuwa ana ce da ita Marsaili. Ɗanta Iagan zai shiga jirgin ruwa zuwa Kanada ranar Litinin, ba wanda ya san ranar komowarsa. Tun lokacin sanyi take saƙa masa ƙyallen ulu da hannunta, ba abin da ya rage sai bugu.

Ranar Juma'a da hantsi aka ciro ƙyauren ƙofa aka ɗora a kan ganguna biyu, mata takwas suka zauna suna fuskantar juna. Cikinsu har da Raonaid, 'yar Marsaili, wadda ta zo daga birnin Glasgow don sallama da ƙanenta. Shekara goma sha tara tana aikatau a can. Tun tana ƙarama, ranar da aka zane ta a makaranta don ta yi Gelik, harshen tsibirin, a aji, ta ɗaure harshen iyayenta ta ajiye. Ko a gida, in an yi mata Gelik, da Turanci take amsawa.

Da aka tsamo ƙyallen daga ruwan jiƙo mai wari, Raonaid ta kau da kai. Peigi, maƙwabciyarsu mai kaifin baki, ta gan ta.

"Ku duba mini hancin birni! 'Yar nan, cikin warin nan aka yaye ki."

"Ban ce komai ba, Goggo," in ji Raonaid da Turanci.

"Me ta ce? Ku fassara mini, ni ban yi boko ba."

Aka yi dariya. Marsaili ta auna faɗin ƙyallen da ɗan yatsanta na tsakiya, ya ba da takwas. Sai ya tsuke ya koma bakwai kafin a ce ya bugu. Ta ɗaga murya ta ba da waƙa, mata suka karɓi amshi, suna damƙar ƙyallen suna buga shi a katako, kowa na miƙa wa ta kusa da ita ta inda rana ke bi. Da waƙa suke auna wannan aiki, kuma ba a rera waƙa ɗaya sau biyu a kan saƙi guda. Tsofaffi sun ce wanda ya sa tufar da aka maimaita wa waƙa ba ya ganin alheri a kan ruwa. Tsari na Allah ne shi kaɗai, su ma sun san haka, amma uwar da ɗanta zai ƙetare teku ba ta wasa da maganar magabata.

Aka yi waƙar masunta, aka yi ta yaƙin kakanni, aka yi ta matar da ke jiran jirgi a bakin gaɓa. Raonaid tana bugu, bakinta a rufe. Bayan ta goma sha ɗaya Marsaili ta sake aunawa.

"Saura waƙa ɗaya."

Ta buɗe baki, sai ga waƙar masunta ta fito, wadda aka fara da ita. Ba wadda ta amsa. Hannuwa suka tsaya cik. Tsohuwa ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya tana mamaki.

"Me ya same ku? Ku amsa mana."

Peigi, wadda ba a taɓa jin ta sassauta murya ba, ta ce a hankali, "Yaya, mun yi wannan."

"Mun yi?"

"Mun yi. Amma ba a amsa ba, ba ta hau saƙin ba. Kawo wata."

Marsaili ta rufe ido tana nema. A da an ce ta san waƙa ta fi ɗari. Leɓɓanta suka yi ta motsi, ba abin da ya fito. Da Raonaid ta ga haka, nan ta gane abin da Iagan ya kasa rubuta mata a wasiƙa: mantuwa ta kama uwarsu.

"Sun gudu," in ji Marsaili. "Duk sun gudu sun bar ni."

Aka tambayi sauran matan. Amshi suka iya, baitocin kuwa a wurin tsohuwa suke tun tuni. Wata ta ce a bar shi haka, ɗan abin da ya rage ba kome ba ne.

"Iska za ta ratsa shi," in ji Marsaili. "An ce sanyin can ya fi namu."

Raonaid ta ɗago kai. Ta yi gyaran murya, ta yi magana da Gelik, kalmomin suna fitowa da ƙyar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Inna, in sabuwa ce fa? Wadda ba a taɓa yi ba?"

Peigi ta dafe ƙirji. "Ashe bebiya na da baki!"

"Sabuwa ba maimaici ba ce," in ji Marsaili. "Duk tsohuwa da sabuwa ta fara. Wa zai yi ta?"

Sai Raonaid ta damƙi ƙyallen ta buga. Ta rera cewa uwarta ta tsefe ulun tumakin tudu, ta rina shi da gansakukar dutse. Ta tsaya tana laluben kalma, Peigi ta cike gurbin da amshi mai ƙarfi, sauran suka bi. Ta rera cewa ƙanenta zai tafi ƙasar da ba a san sunan kakansa ba, amma duk wanda ya shinshina kafaɗarsa zai ji hayaƙin gidansu. Muryarta ta karye a nan, ta ci gaba a haka.

"Saka budurwarsa a ciki!" in ji Peigi. "Mai jan gashin nan da yake tsammanin ba mu sani ba!"

Raonaid ta saka ta, mata suka amsa cikin dariya, bugu ya yi sauri. A baiti na shida sai ta ji wata siririyar murya a gefenta tana karɓar amshi. Uwarta ce.

Da aka tsaya, Marsaili ta shimfiɗa yatsanta a kan ƙyallen, tana ƙirgawa a fili. Bakwai cif. Aka naɗe shi, ta ɗora hannu ta roƙi Allah ya kiyaye wanda zai sa shi, a tudu da ruwa. Sannan ta juya ga 'yarta.

"Sake faɗa mini farkonta, 'yata. Kada ita ma ta gudu."

Raonaid ta matso kusa da kunnenta ta fara, a hankali.

Allah ya ji ƙan Marsaili da matan da suka zauna a wannan bugu, ya gafarta wa iyayen da suka koya mana magana, ya haskaka makwancinsu. Mai karatu kuma, Allah ya raya zuriyarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Amin.